Haɗa Manyan Layukan Wutar Lantarki: Aure Za A Ɗaura Ko Maƙwabtaka?

Assalamu alaikum. Malamaina, injiniyoyi, ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Tambayar da aka ba ni ita ce, shin zai yiwu a ɗauki babban layin wuta na wani yanki a ƙulla shi da na wani, gabas da yamma, ko wannan ƙasa da waccan? Zai yiwu, an ma yi. Da iyakar maganar ke nan, da sai mu tashi. Abin da zai zaunar da mu shi ne wane irin haɗi ake nufi, domin iri biyu ne, kuma sau da yawa ana cakuɗa su.

Ku ɗaga kai ku dubi fankar nan. Wutar da ke juya ta ba miƙewa take yi ba, kai-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a Amurka da wasunsu. Ita masu sana'a ke kira AC. Wannan kai-komon zan riƙa kiransa bugu. Duk injin da ke ba da wuta a kan layi ɗaya, ko na madatsar ruwa ne ko na gas, dole bugunsa ya zo daidai da na sauran, kamar sojoji a fareti. Kuma saurin tafiya kaɗai bai isa ba, sai ƙafar hagu ta sauka tare da ta kowa. Idan jama'a suka ja wuta fiye da wadda ake samarwa, bugun ya yi ƙasa. Idan ya yi ƙasa da yawa, injina su fara cire kansu don kada su lalace, kowane ya fita ya bar wa saura kaya, sai ka ji gari ya yi tsit.

To, haɗi na farko shi ne a sa yankunan biyu cikin fareti ɗaya. Shi nake kira aure. Turai ta yi shi: daga Fotugal har Turkiyya bugu ɗaya ake yi. Indiya ma ta yi, ta haɗa yankunanta biyar, na ƙarshe shi ne na kudu, ranar 31 ga Disamba 2013. Amfaninsa a fili yake. Idan wata babbar tasha ta mutu ba zato, dubban injina ne za su raba nauyin cikin ƙiftawar ido, ba sai wani ya ɗaga waya ba. Ba sai kowace ƙasa ta gina tashoshin ko-ta-kwana masu yawa ta ajiye suna zaman banza ba.

Amma aure ai ba daɗi kaɗai ake rabawa ba. Bari in ba ku labarin daren 4 ga Nuwamba 2006. An ƙera wani ƙaton jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a garin Papenburg da ke arewacin Jamus, ana so a fitar da shi teku ta kogin Ems. Akwai babban layin wuta da ya ƙetare kogin, sai aka kashe shi don jirgin ya wuce lafiya. Abu ne da aka saba yi. To, wuta ba ta san umarni ba, duk hanyar da ta samu ita take bi. Kayan da wancan layin ke ɗauka sai suka koma kan maƙwabtansa, ɗaya ya yi nauyi ya yanke, na gaba ya bi shi, cikin daƙiƙoƙi layin Turai ya tsage gida uku. Gidaje wajen miliyan 15 suka shiga duhu, har Faransa da Italiya da Sifaniya. Mutumin da ke zaune a Faris bai taɓa jin sunan kogin ba, amma jirgin da ke kansa ya kashe masa fitila.

Wani kuma abin dariya ne, in ba a kanka ya faru ba. A farkon 2018 mutane a Turai suka lura agogon jikin murhun lantarki da na rediyon gefen gado suna jinkiri, har ya kai kusan minti shida. Irin waɗannan agogo da bugun wuta suke ƙidaya lokaci. Da aka bincika, ashe rikicin siyasa ne tsakanin Sabiya da Kosobo: ana jan wuta a can ba a mayar da madadinta, kowa ya ce ba shi zai cike giɓin ba. Bugun nahiya guda ya ɗan sauka ƙasa da 50 na tsawon makonni. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Amurka ta taɓa gwada wannan auren. A 1967 aka haɗa layin gabas da na yamma da bugu ɗaya, ta wasu wayoyi marasa ƙarfi a tsakiyar ƙasar. Kamar a ɗaure giwaye biyu ne da zaren ɗinki. Wutar ta yi ta tangaɗi, haɗin yana tsinkewa ana ƙullawa, har a 1975 aka haƙura. Har yau ƙasar gida uku take: gabas, yamma, da jihar Teksas. Duk 60 suke bugawa, amma kowa da faretinsa.

Nan ne haɗi na biyu ya shigo, wanda nake kira maƙwabtaka. Za a ɗauki wutar AC ta wannan gefe a mayar da ita DC, wato miƙaƙƙiya marar bugu, irin ta batir, a tura ta, can kuma a sake mayar da ita AC da bugun masu karɓa. Babu ruwan kowa da faretin wani. Kuma ga babban abin: mai kula da tashar shi ke cewa megawat (ma'aunin ƙarfin wuta) kaza za su wuce, ta wannan fuska, ba ƙari ba ragi. Ƙofa ce mai sakata. Idan gobara ta tashi a gidan maƙwabci, ba ta bin wayar ta shigo naka.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun 1954 Suwidin ta kai wa tsibirin Gotland wuta ta haka, megawat 20 kacal. Yau Sin tana da layi daga Changji zuwa Guquan, kusan kilomita 3,300, mai ɗaukar megawat 12,000. Akwai waya a ƙarƙashin teku tsakanin Norway da Ingila, kilomita 720, da ta fara aiki a 2021. A tafiya mai nisa DC ta fi AC ƙarancin asara, a ƙarƙashin ruwa kuwa idan nisa ya yi yawa ita kaɗai ce mafita. Tsadarta tana bakin layi, wato tashoshin juyawa guda biyu. Wasu wuraren ma ba su da zaɓi. Japan rabinta 50 take, rabi 60, saboda a ƙarshen ƙarni na 19 Tokyo ta sayo injina daga Jamus, Osaka ta sayo daga Amurka. Da girgizar ƙasa ta Maris 2011 ta durƙusar da tashoshin gabas, yamma tana da wuta, amma ƙofar da ke tsakani ba ta wuce megawat 1,000 da ɗan wani abu ba. Haka aka yi ta ɗauke wuta bi da bi a yankin Tokyo.

Kun ga aibin maƙwabtaka ke nan: ƙofa iya faɗinta take. Tsakanin gabashi da yammacin Amurka ƙananan ƙofofi bakwai ne, jimillarsu kimanin megawat 1,300, a ƙasar da ƙarfin tashoshinta ya haura megawat miliyan ɗaya. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da tashoshin Teksas, aka yanke wa jama'a wuta har ta megawat 20,000, mutum sama da 200 suka rasu, saura minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi layin jihar ya durƙushe gaba ɗaya. To amma a yi adalci, sanyin nan ya taɓa maƙwabtanta ma, su ma suna ta kansu. Don haka idan za a ja layi saboda irin wannan rana, sai ya yi tsawon da zai fita daga ƙarƙashin hadarin, ya kai inda gari yake lafiya.

In kun tambaye ni, yawancin wurare ƙofar DC mai faɗi ta fi aure hankali. Kuma a iri biyun, ba waya ce ke hana aiki ba. Teksas ba don rashin injiniyoyi ta ware ba, kamfanoninta ne suka ƙi tsallaka iyakar jiha tun bayan dokar wutar lantarki ta tarayya ta 1935 don kada hukumar tarayya ta sa musu hannu. A 2009 aka kawo shawarar gina tasha a Clovis da ke jihar New Mexico wadda za ta haɗa gidajen uku wuri guda, mai suna Tres Amigas. Har yau ba a gina ta yadda aka tsara ba. Wa zai biya? Manomin da turaku za su ratsa gonarsa bai ga wutar ba, sai inuwar waya. Yankin da wutarsa ke da araha kuma ya san da zarar an buɗe ƙofa farashinsa zai tashi, kamar yadda mutanen kudancin Norway suka yi ta ƙorafi bayan an ja sababbin wayoyi zuwa Jamus da Ingila.

Na ga hannu can gefe. E, ɗan'uwa, ina ji. Yana cewa to me ya sa har yanzu wasu ke zaɓar auren? Saboda wani lokaci ba wutar ake nema ba, dangin ake nema. Yukiren da Moldoba sun shiga bugun Turai ranar 16 ga Maris 2022, makonni uku da fara yaƙin Rasha da Yukiren, aikin da aka tsara sai 2023. Istoniya da Latbiya da Lituweniya kuwa sun daɗe suna da haɗin DC zuwa Finlan da Suwidin da Polan, ciniki yana tafiya, amma bugunsu daga Mosko ake riƙe shi. Ranar 8 ga Fabrairu 2025 suka cire kansu daga layin Rasha, suka yi kwana ɗaya su kaɗai suna gwada ko za su iya riƙe bugu 50 da ƙafarsu. Washegari aka haɗa su da Turai ta Polan.