Sharhi: Foman yana cikin ma'aikatanku, ku daina leƙa waje

Masu sauraro, a makon jiya wani magini ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu a nan Katsina, ya ce yana da magana. Shekara 17 ke nan yana aiki a ƙarƙashin ɗan kwangila guda. Da ɗaukar kwanon sarki ya fara, ya koma kwaɓa siminti, ya kama cokalin gini, har ta kai idan katanga ta karkace shi ake kira. Da foman ɗinsu, wato mai kula da ma'aikata a wurin gini, ya tsufa ya ajiye aiki, kowa a wurin ya ɗauka shi za a ba. Ran Litinin sai ga mota ta sauke wani saurayi da jaka a kafaɗa, aka ce ga sabon foman. Wai rashin muƙamin bai ci masa rai ba kamar yadda maigidan ya ja shi gefe ya ce: “Malam, don Allah ka riƙa nuna masa yadda muke yi.”

Ku ji fa! Ya isa ya koyar da foman, amma bai isa ya zama foman ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na jin haushin saurayin nan, abinci ya zo nema. Da 'yan kwangila da masu kamfanonin gini nake, waɗanda da zarar gurbi ya buɗe sai idonsu ya tsallake mutanen da ke gabansu.

Mene ne aikin foman? Zane na injiniya ne, kuɗi na maigida. Abin da ke hannun foman mutane ne da lokaci. Shi zai san cewa wane yana da sauri amma sai an bi bayansa da igiya, wane kuma yana da nawa amma aikinsa ba ya neman gyara. Shi zai san su wa ba a haɗa su a kan katanga ɗaya. Shi zai tsaya a kan mai kwaɓa ya tabbata awo ɗaya na siminti ya tafi da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, kada a ƙara yashi buhu ya yi ƙafa. A zafin watan Afrilu, ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai, shi zai hana kowa sakaci da bai wa kankare ruwa har mako guda, domin ya sha ganin yadda yake tsagewa idan ya bushe da wuri. Ya san ruwan farko na sauka rabin leburorinsa za su nufi ƙauye shuka, saboda haka tun kafin damina ya tsara ranar babban zubin kankare. Ya san da azumi daga sallar asuba ake kama aiki a tashi kafin rana ta take. Wace takarda ce ke ɗauke da wannan? Wanda ya daɗe a cikinsu ne ya sani. Shi ya sani, kuma yana nan a gabanku.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce na cikin gida ba zai iya tsawata wa abokansa ba, sanayya za ta shiga, gara baƙo wanda bai san kowa ba. Haba! Sau nawa baƙon nan ya zama ɗan ƙanen maigida, ko yaron wani da ya bugo waya? Wannan ba sanayya ba ce? Kuma lebura ya fi jin maganar wanda ya ga ya yi aikin da hannunsa. Wanda bai taɓa hawa tsani da bulo mai inci 9 a ka ba, idan ya ce a ƙara sauri, “to” kawai za a ce masa.

Akwai inda nake ɗan tsayawa. Ba kowane gwanin magini ne zai iya riƙe mutane ba, wani hannunsa zinari ne amma bakinsa wuta. Wani kuma ba ya iya karanta zanen gini, ba ya iya rubuta lissafin kaya, kuma aikin bene ko gada ba a yin sa da ka. Na yarda. To, a shekara 17 wa ya hana a koya masa? Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yi wa masu sana'a gwajin ƙwarewa mai mataki uku, ta ba su takarda. Asusun horar da ma'aikata na ITF yana nan tun 1971. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina a cikin garin nan, ga ta Tarayya a Daura. Mutumin da ya iya fitar da kusurwa daidai da igiya da tef, karatun zane ba zai gagare shi ba. Maigidan da bai taɓa tura yaronsa ko ɗaya koyo ba, sannan ya ce ba shi da wanda ya cancanta, da bakinsa ya faɗi laifinsa.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Hasumiyar Gobarau ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, kuma waɗanda suka gaji irin wannan gini daga cuɗa ƙasa suke farawa, su miƙa tubali, su hau katanga, kafin a kai ga Sarkin Magina. Tsani ne, kowa yana ganin matakalarsa. Yau idan yaro mai ɗaukar kwano ya ga wanda ya fi kowa iya aiki an tsallake shi, me zai sa ya dage? Zai yi na kuɗin yininsa ya kama gabansa. Shi kuma gwanin ba zai yi rigima ba. Wata rana za a wayi gari ya tafi Kano ko Abuja, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, da yaransa biyar ko shida zai tafi. A ranar maigida zai san kuɗin abin da ya yi.

Wannan magana ta wuce kangon gida guda. Tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Ayyuka irin wannan suna tara 'ya'yanmu, su koyi ɗaurin rodi da zubin kankare da sarrafa injuna. Idan bayan shekaru suna nan a leburorinsu, kullum ana kawo musu shugaba daga wani wuri, to me ya saura a hannunmu in an kwashe kayan aiki?

Ba na cewa a rufe ƙofa. Idan aiki sabo ne fil, babu wanda ya taɓa yin irinsa a cikinku, a ɗauko mai sani, amma a ajiye na gida a gefensa da sharaɗin shi zai karɓa. Sauran lokuta, Alhaji ɗan kwangila, ka fara da cikin gida. Ka faɗa wa ma'aikatanka akwai gurbi. Ka ba wanda ya nuna alama riƙon ƙwarya na wata uku, ka ga yadda zai raba aiki, ka ƙirga buhunan siminti da kanka. In ya gaza, ka gaya masa inda ya gaza ido da ido.

Shi maginin da na ba ku labarinsa har yanzu yana zuwa aiki. Ya ce jiya ma shi ya nuna wa sabon foman cewa ba a cire katakon da ke tallafe da bene kwana uku bayan zubi.