Anko, Bashi Da Rashin Barci

Assalamu alaikum. Iyayena mata da ƙannena, Allah ya saka da alheri da kuka baro aikin gida kuka zo.

Idan aka ce israfi, masu kuɗi muke hangowa. To, talaka ma yana yi, nasa ma ya fi ciwo, domin da bashi yake yi. Mu ɗauki anko. A wata ɗaya a fitar da na ƙanwar miji, ga na maƙwabciya, ga na ƙawar Islamiyya. Kowanne da kuɗin ɗinki, da mayafin da zai shiga da shi, wani har da takalmi. Mace ta cinye kwasarta ta adashe, ko ta karɓa wajen dillaliya ana biya kaɗan-kaɗan. An sha biki an watse, kaya sun koma akwati, ita kuwa an bar ta da lissafi tsakar dare. Da safe yaro ya zubar da koko ta hau shi da faɗa, alhali ba kokon ne ya dame ta ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Duk wadda ta shiga Kantin Kwari ba sai an gaya mata ba. Farashi ya canja, ankon bai ragu ba.

Kada wata ta koma gida ta ce malama ta hana kwalliya. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro. Tsakiya ake nema.

Wayar hannu ma ta ƙara mana. Da sai kin je kasuwa, yanzu kasuwar ce ke biyo ki har kan gado ta WhatsApp. Idan kin ga atamfa ta burge ki, bari ta kwana. Ki tambayi kanki da wane kuɗi za ki biya, ba ko tana da kyau ba.

Na ji wata daga baya tana cewa dangin miji za su yi magana. Gaskiya ne Hajiya, za su yi. Ki yi ankon dangi na kusa. Sauran ki sa mai kyau cikin kayanki, ki je da wuri, ki kama aiki, ki miƙa gudummawarki a hannun uwar amarya.