Awa Biyu Gaban Waya, Minti Biyu Gaban Littafi: Ina Natsuwar Yaron Take Tafiya?

[Hoto: yaro ɗan shekara uku kwance a kan tabarma, waya a hannunsa, ko ƙifta ido ba ya yi]

Assalamu alaikum iyaye. Ku dubi yaron nan da kyau, za mu dawo kansa.

Makon nan saƙo iri ɗaya ya yi ta shigo mini, daga iyaye mata har da wasu mazan. Kusan kalmomin ma ɗaya ne: "Yarona ba ya zama wuri ɗaya. In na ɗauko littafi, kafin in buɗe shafi na biyu ya miƙe. Amma ba shi waya ki gani, sai ya yi awa biyu bai motsa ba. Ashe yana da natsuwar, taurin kai ne kawai."

Na san zafin da ke cikin maganar nan, domin uwa ba ta faɗin haka sai ta gaji. Amma ba taurin kai ba ne. Abin da kike gani gaban waya da abin da kike nema gaban littafi, abubuwa biyu ne daban.

[Hoto: farantin silba ya suɓuce a kicin, kowa a tsakar gida ya waiwaya]

Kun ga yadda kowa ya juya? Babu wanda ya yi niyya. Ƙarar ce ta fizgi hankalinsu. Da wannan ake haihuwar ɗan Adam, jariri ma yana yi. Katun ɗin da ke cikin waya kuwa, duk bayan 'yan daƙiƙu sai hoto ya sauya, sabon launi, sabuwar ƙara. Tamkar a sa mutum ya yi ta sakin faranti ne ba hutawa. Yaron ba shi ke riƙe da hankalinsa ba, riƙe masa aka yi.

[Hoto: hannun mace tana tsintar shinkafa a tire, yara na guje-guje a bayanta]

Wannan kuma shi ne ɗaya nau'in. Ga hayaniya, ga rediyo, ga mai talla na sallama a ƙofa, amma idonta na kan tsakuwar da ke ɓuya cikin shinkafa. Ita ke riƙe da hankalinta da kanta. Aikin sashen ƙwaƙwalwa ne da ke nan bayan goshi, kuma sashen nan shi ne mai jinkirin nuna: ba ya gama ginuwa sai mutum ya haura shekara 20. To ɗan shekara uku fa? Harsashi aka tona kawai.

A 2011 masu bincike a Jami'ar Virginia da ke Amurka sun tara yara 60 'yan shekara huɗu, suka raba su gida uku. Wasu suka kalli katun mai saurin sauya hoto, wasu mai tafiya a hankali, wasu aka ba su takarda su yi zane. Minti 9 kacal. Nan take aka ba su 'yan ayyukan da ke buƙatar haƙuri da bin ƙa'ida, sai masu katun mai sauri suka zo a baya.

[Hotuna da sauri: yaro yana barci, kwanon abinci, agogo, yara na tsere a layi]

Akwai abubuwan da kowa ya sani, bari in wuce su da sauri. Barci: Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana, har da na rana. Yaron da bai ƙoshi da barci ba, ba lallai ya yi gyangyaɗi ba, sau da yawa ƙiriniya ce ke ƙaruwa. Waya da talabijin: ƙasa da shekara biyu a bari, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini. Motsa jiki: awa uku a yini, a warwatse, don haka gudun nan da yake yi ba laifi ba ne, abincin jikinsa ne. Sai ciki: mai jin yunwa ba ya sauraron kowa, babba ma haka.

Duk wannan daidai ne. Amma ga matakin da ake kuskurewa, kuma saboda shi na shirya bidiyon nan.

[Hoto: uwa zaune a kujera riƙe da littafi, ɗanta ɗan shekara biyu da rabi a ƙasa yana juya ludayi cikin gwangwanin madara]

Ku saurari wannan baiwar Allah. "Kalli nan. Kai, kalli nan mana! Ce A. Ajiye ludayin nan. Ce A."

Tana ƙoƙari, wallahi tana ƙoƙari. Ta bar aikinta ta zauna domin ɗanta. Sai dai ku dubi idon yaron. Kafin ta yi magana, ina yake kallo? Cikin gwangwani. Ya sa ludayi, ya ji ƙara, ya ciro, ya sake sawa. Natsuwar da take nema tana nan a gabanta, ta fara tsirowa. Da ta ce "ajiye ludayin nan", ita ta katse ta da hannunta. Daga nan ya rasa ludayi, bai kama littafi ba, sai ya miƙe. Ita kuma ta ce ba ya jin magana.

Mu iyaye mun ɗauka koya wa yaro mai da hankali shi ne mu janyo idonsa zuwa abin da ke hannunmu. A wannan shekarun, hanyar ta fi sauƙi in aka juya ta: mu ne za mu je inda idonsa yake.

[Hoto: zanen jariri da mahaifiyarsa, kowanne da 'yar kyamara ɗaure a goshi]

A 2016, Chen Yu da Linda Smith na Jami'ar Indiana sun ɗaura wa jarirai 'yan shekara ɗaya da iyayensu ƙananan kyamarori masu bin motsin ido, suka bar su suna wasa da kayan wasa a kan teburi. Abin da suka gani: idan uwa ko uba ya kalli abin da yaron ke kallo, yaron yakan daɗe a kansa fiye da in shi kaɗai ne. Har bayan babban ya ɗauke ido, yaron yakan ci gaba da kallo na ɗan lokaci. Iyayen da suka yi ta miƙa abu suna son a dole yaro ya duba, sau da yawa idon yaron can yake yawo. Waɗanda suka jira ya zaɓa, sannan suka bi shi, su suka fi samun abin da ake nema.

Bambancin na 'yan daƙiƙu ne, kar wani ya ce na yi masa alkawarin mu'ujiza. Amma ku lissafa sau nawa uwa da ɗa ke haɗa ido kan abu ɗaya a yini, ku ninka da kwanakin shekara.

[Hoto: uwar ta ajiye littafin, ta sauko kan tabarma]

Yanzu ku kalli yadda za ta sake gwadawa. Zan rage magana a nan, ku bi hannunta da idonta.

Ta sauko ƙasa, fuskarta daidai tasa. Ta yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuya, domin baki yana ƙaiƙayi. A zuciyarta tana ƙirga goma.

Ya buga ludayi. Ta ce, "Ƙwal! Ludayi ya shiga." Shi ke nan, kalma huɗu. Ta sake yin shiru.

Ya ɗago ya dube ta. Kun ga wannan kallon? Tambaya ce yake yi: ke ma kin gani? Ta yi murmushi, ta mai da idonta kan gwangwani. Shi ma ya mayar.

Sai yanzu ta ƙara abu ɗaya. Ɗaya tak. Ta ɗauki murfin tukunya ta ajiye kusa da shi, ba ta sa masa a hannu ba. Ya duba, ya buga murfin. Wata ƙara daban! Ya koma gwangwani. Ya dawo murfi. Wannan bawan Allah yanzu bincike yake yi, ya gano cewa kowane ƙarfe da muryarsa.

[Agogo a kusurwar hoto: minti 1, minti 2, minti 4]

Wannan shi ne yaron da aka ce ba ya zama.

Wurare uku ake zamewa a nan, kuma duk cikin ƙauna ake yi. Na farko, mai da wasan jarrabawa: "Wane launi ne wannan? Guda nawa ne? Faɗi da Turanci." Da an fara haka, ya bar kallon abin ya koma kallon fuskarki yana neman ko ya ci. Na biyu, karɓe abin daga hannunsa don a nuna masa yadda ake yi. Bar shi ya kife gwangwanin, babu wanda ya ce dole a tsaye ake buga shi. Na uku kuwa ya fi ci mini rai: jiki na kan tabarma, ido na kan waya. Yaro ya san bambanci. Yana ɗagowa sau ɗaya, sau biyu, ya tarar ba kowa, sai ya tashi. Maigida, da kai ma nake. Minti goma bayan la'asar ko bayan magariba, a kife waya a ɗaki, ya fi awa guda ta rabin hankali.

Na san wata za ta ce, "To yanzu yaro ne zai riƙa juya ni?" A'a, Hajiya. Wuta wuta ce, wuƙa wuƙa ce, gaisuwa da ladabin cin abinci suna nan yadda iyayenmu suka koya mana. Abin da nake magana a kai ɗan lokaci ne da aka ware, inda shi ke gaba ke kina biye. Ana gina masa ƙarfin da zai zauna da shi gaban allo da littafi gobe.

[Hoto: tsohuwa a tsakar gida da dare, jikoki kewaye da ita]

Kuma ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ku tuna kaka in za ta yi tatsuniya. "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba ta ci gaba sai an amsa, "Ta zo mu ji ta." Tana magana tana karanta fuskoki. In ta ga ido ya buɗe a wurin da Gizo ya shiga rumbu, sai ta ja wurin, ta maimaita, ta sa waƙa a amsa. In ta ga an fara mutsu-mutsu, sai ta taƙaita. Waya ba ta san ko yaro ya gane ko bai gane ba, tafiyarta kawai take yi.

Wani abu kuma: ba sai kun sayi komai ba. A Jami'ar Toledo an gwada yara 36 'yan wata 18 zuwa 30, wani lokaci da kayan wasa 4, wani lokaci da 16. Da guda huɗun suka fi daɗewa a kan abu ɗaya, suka kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. In kwandon kayan wasa ya cika, ɓoye yawancinsu, ki riƙa sauyawa duk mako. Ra'ayina kuma, ba zan ɓoye ba: ɗan shekara uku da ake dawowa da shi daga makaranta da shafi uku na aikin gida, an ɗora masa kayan da ba na wuyansa ba.

[Hoto: uba ya durƙusa, ya dafa kafaɗar 'yarsa]

In aike ne, kar a kwaɗa kira daga ɗaki. A matso, a dafa kafaɗa, a jira ido ya haɗu, a faɗi abu ɗaya: "Kawo takalminki." In ta kawo, sannan na biyu.

[Hoto: layin iyaye mata a sashen yara na asibiti]

Yaushe za a je asibiti? In ana kiransa daga baya ba ya waiwayowa, ko kunnensa na yawan ciwo ko zubar ruwa, a fara duba ji. In tafin hannu da cikin ido sun yi fari, a auna jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda yana cikin abubuwan da ke kawo ƙarancin jinin, yana taɓa kuzari da mai da hankali. In kuma ya kai shekara huɗu, rawar kan ta fi ta sa'o'insa nesa, a gida haka, a makaranta haka, a gidan kaka haka, har wata shida ko fiye, to a ga likitan yara ya duba ko larurar da ake kira ADHD ce, wato larurar kasa mai da hankali da yawan rawar kai. A wannan shekarun, abin da likitoci ke fara bayarwa shi ne horar da iyaye dabarun tafiyar da yaron, kafin a yi zancen magani. Bulala ba ta cikin lissafin, domin tsoro yana sa yaro ya daskare ne, idonsa a kan littafi, hankalinsa a kan hannunki.

[Hoto: komawa kan tabarma. Agogo ya nuna minti 6. Yaron ya saki ludayi, ya bi kaza da gudu]

Ga shi ya tashi, kaza ta gifta. Ku lura, ba ta kira shi ba, ba ta kamo hannunsa ba. Ta tattara gwangwani da murfi da ludayi ta ajiye a gindin bango, inda idonsa zai faɗa kansu gobe da safe.