Da wane harshe direban jirgin ƙasa zai yi aiki daga Daura zuwa Maraɗi?

Jama'a, ga layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021: daga Kano, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya tsallaka Maraɗi. Ana ta maganar ƙarfe da gadoji, amma ba a cika tambayar da wane harshe direba zai yi magana da mai ba da hanya, wato ma'aikacin da ke ba jirgi izinin wucewa, ba.

Wani zai ce ai Hausa ce a Katsina, Hausa ce a Maraɗi. Haka ne, a kasuwa. Sai dai ɗan Najeriya da Turanci ya koyi dokokin aiki, takwaransa na Nijar kuwa da Faransanci ya yi boko. Ko Hausar ma, ku saurari "biyu" da "biyar" ta rediyo, inji yana ruri, iskar hunturu tana kaɗawa. Layi na biyu aka ce, ko na biyar?

Shi ya sa magana a bakin aiki take da ƙa'ida. Mai kira ya faɗi ko shi wane ne, da inda yake, da lambar jirgin. Lambobi a faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Direba ya maimaita umarnin kalma da kalma, sai an ce masa "daidai ne" sannan ya saki birki. Ba tsanani ba ne: jirgin kaya mai nauyi yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya.

Ranar 27 ga Maris, 2001, a ƙasar Beljiyam, wani jirgi marar fasinja ya wuce jar wuta a garin Wavre ya hau layin da ba nasa ba. Mai ba da hanya a Wavre ya buga waya garin Leuven don a tsayar da jirgin fasinja da zai taso daga can a kan wannan layi. Shi Faransanci yake yi, wanda ya ɗauka kuwa harshen Holan yake ji. Ba su fahimci juna ba, jiragen suka yi taho-mu-gama a ƙauyen Pécrot, mutum 8 suka rasu, har da direbobin biyu.

Tarayyar Turai tana buƙatar direba ya kai matakin B1 a harshen layin da yake bi, wato ya iya bayanin matsalar da ba a saba gani ba, ba haddar jimloli kawai ba. Mu ma a ganinmu, tun da Jami'ar Sufuri tana Daura, a tsayar da harshen aiki guda tun kafin jirgi ya fara tsallaka iyaka. Jarrabawar kuma kada ta tsaya a takarda: a miƙa wa ɗalibi rediyo cikin hayaniya, a ce garken shanu ya hau layi kusa da Jibiya, ya sanar.