Bindigar da ta ƙi tashi a fim

Mugu ya fizge bindiga, ya saita jarumi, ya danna kunama. Shiru. Jarumin ya yi murmushi ya ce, "Ba ka cire sefti ba." Kafin mugun ya gama sunkuyar da kai ya duba, har an kai shi ƙasa. Duk mai kallon finafinan Amurka ya sha ganin wannan.

Sefti ɗan makulli ne da ke hana bindiga tashi ko an danna kunama. Marubuta na ƙaunar wannan dabara don nan take take bambanta gwani da ɗan koyo, ba sai an yi dogon bayani ba. Wani lokacin ma ƙarya jarumin yake yi, so yake kawai idon abokin gabarsa ya bar kansa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɗora maganar a kan bindigar da ba ta da makullin. Ɗauki Glock, ƙaramar bindigar hannu wadda Gaston Glock ya ƙera a Ostiriya, sojojin ƙasar suka karɓe ta a 1982. Ba ta da abin da za ka ture da babban yatsa. Kariyarta uku ce, ɗaya ɗan harshe ne a jikin kunamar kanta, biyu suna ciki, kuma duk suna sakin kansu yayin da aka ja kunama. Haka yawancin libarba, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi mai juyawa, ba su da makullin. Wanda ya tsaya gaban irin waɗannan yana wa mai riƙe da su ba'a, ya gama yawo.

AK-47 kuwa maganar tana kama hankali. Makullinta dogon ƙarfe ne a gefen dama. Yana sama, a kulle take. Tsakiya, ruwan harsashi. Ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Girmansa ya isa mutum ya hango shi daga nesa kaɗan, kuma in an sauke shi sai ya yi ƙara, ƙas!

An taɓa yin makamancin wannan da gaske. Ranar 5 ga Satumba, 1975, a birnin Sacramento, Lynette Fromme ta nuna wa Shugaban Amurka Gerald Ford bindiga ƙirar Colt 1911. Harsashi huɗu ne a gidansu, amma ba ko ɗaya da ya hau bakin bindigar, don ba a ja saman an ɗana ta ba. Jami'in tsaro ya damƙe ta nan take, kotu ta yanke mata ɗaurin rai da rai.