Bored ko Boring? Kar Ka Zagi Kanka da Turanci

Tsaya ka karanta saƙon nan da ke kan allo. Wata ce ta ɗora a WhatsApp: "I am boring at home." Nufinta zaman gida ya ishe ta. Abin da ta rubuta kuwa, ita ce ke gundurar mutanen gidan. Baiwar Allah ta zagi kanta da hannunta, har da ɗan hoton fuska mai hamma.

Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, aikatau "bore", wato gundurar da mutum. Wutsiya ce ta raba su. "Bored" na wanda gundura ta kama, "boring" na abin da ya jawo ta.

To, ga inda ake tuntuɓe, kuma nan zan daɗe. Da yawanmu an koya mana yanke: wai mai -ed na mutane ne, mai -ing na abubuwa. Ni dai ban yarda da wannan ƙa'ida ba, rabinta ne gaskiya. Dubi ajin nan. Malam na ta zuba tun ƙarfe 8, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ga ɗalibi can a bencin baya ya rafka tagumi, ido na lumshewa. Duk su biyun mutane ne, ko ba haka ba? Amma "the teacher is boring, the student is bored". Saboda haka bar tambayar mutum ne ko abu. Tambayi kanka: daga wa gundurar ta fito, a kan wa ta sauka? Ɗauki gundurar kamar kibiya. Gindinta -ing, tsininta -ed.

Shi kansa malamin zai iya haɗa biyun. Shekara 20 yana maimaita darasi ɗaya, ai shi ma ya gundura. "He is bored, and he is boring." Allah sarki Malam.

Abin dariyar, a Hausa ba ma yin wannan kuskure. Wanda ya tuƙo mota daga Kano zuwa Maiduguri gajiyayye ne, tafiyar kuma mai gajiyarwa ce. Ka taɓa jin an ce tafiya gajiyayya? To "tired" da "tiring" ke nan. Ka riga ka san bambancin, riga kawai ya sauya.

Rabin gaskiyar da na ambata: abu marar rai ba ya jin komai, don haka "the film is bored" ba ta zauna ba. Kyanwar nan da ke miƙa a kan tabarma kuwa, ita tana iya zama "bored".

Sauran dangin da sauri, ga su suna wucewa: "interested" da "interesting", "excited" da "exciting", "confused" da "confusing". In lissafi ya rikita ka, ka ɗaga hannu ka ce "I am confusing", ka shaida wa aji cewa kai ne mai rikita mutane.

Wajen furuci, "bored" da "board" sautinsu ɗaya, kar ka ce "bo-red". Kuma kar ka haɗiye d ɗin ƙarshe.

Mu koma kan saƙon. Goge -ing, sa -ed: "I am bored at home." Sai dai in da gaske ita ce ke gundurar su, wannan kuma sai a tambayi ƙannenta.