Mashin ya ƙi tashi da sitata? Saurari ƙararsa tukuna

Assalamu alaikum. Ka murɗa makulli, ka danna sitata, mashin ya ƙi tashi. Kafin ka tura shi Sabon Gari a ce ka sayo sabuwar sitata, tsaya ka kasa kunne, don ƙarar da ya yi ita za ta nuna maka inda ciwon yake.

In ko motsi bai yi ba, duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama, da fiyus ɗin da ke kusa da batir, ka kuma tabbata giya na firi. Wasu mashinan ma sai an matse kuloci ko birki suke amsawa.

In ka ji ƙat-ƙat-ƙat a jere, oda ta shaƙe, fitila ta dushe, to batir ne. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 a mitar auna ƙarfin wuta. Ka danna sitata ya faɗo ƙasa da 10? Ya gaji. Da asubahin hunturu, irin sanyin nan na Samaru, abin ya fi tsananta, saboda ƙarfin batir ya ragu, baƙin mai kuma ya yi kauri. Amma kar ka yi saurin yar da shi. Kwance kawunansa, ka kankare wannan farin garin da ya taru, ka ɗaure tamau, har da wayar da ta sauka a jikin bodi. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Yanzu ga solinoid, wannan ɗan ƙaramin mai kusoshi biyu da manyan wayoyi. Maɓallin hannunka wuta kaɗan yake aika masa, maganaɗisun ciki ya ja ƙarfe ya haɗa kusoshin, sai wutar batir ta wuce zuwa sitata. Idan batir garau yake amma ƙat ɗaya ka ji sai shiru, wataƙila bakin haɗin ne ya ƙone. Ga gwajin: ɗora mashin a kan babban jak, giya a firi, kauce wa inda fetur ke ɗiga, don za a yi tartsatsi. Sa sukudireba mai hannun roba ka taɓa kusoshin biyu na ɗan lokaci. Sitata ta juya? Ita lafiya take, laifin na solinoid ne ko wayoyin da ke zuwa masa.

Ba ta juya ba, sai a buɗe ta. Yawanci gawayin ciki ne, wato ɗan guntun da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa, ya cinye, ana canza shi kaɗai, ba sai an sayi sitata ɗungurungum ba. In kuwa tana juyawa fuu amma inji bai motsa ba, kulocin sitata, wanda ke haɗa ta da inji, ne ke zamewa, wannan kam na bakanike ne.

Kar ka danne maɓalli fiye da daƙiƙa 5. In ka saki kuma sitata ta ci gaba da juyawa, solinoid ya manne, maza ka cire baƙar wayar batir.